Mene ne adiranalin, kuma me ke sa ƙafa rawa a kan dutse?

Tunda samari da 'yan jami'a suka maida hawan dutsen Kufena abin yayi, za ka ji wasu na cewa adiranalin suke nema, kamar wani kayan nishaɗi. Alhali sinadari ne da jikinka ke yi da kansa, wasu 'yan tsokoki biyu da ke saman ƙoda ne ke sako shi cikin jini da zarar ƙwaƙwalwa ta hango hatsari. Wani masani ɗan Japan, Jokichi Takamine, shi ya tace shi a 1901, kuma har yau a asibiti ana allurarsa in zuciya ta tsaya.

Aikinsa ya shirya ka gudu ko faɗa. Zuciya ta hau dukan uku-uku, hanta ta saki suga, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe da zufa. To matsalar, a kan dutse ina za ka gudu? Shi ya sa sai ka ga ƙato ya manne da dutse yana salati, ya ƙanƙame da ƙarfin tsiya har hannu ya gaji, ƙafa na kaɗawa kamar ta tela a kan keken ɗinki, na ƙasa kuma suna ta ihun "sauko mana!", wanda wallahi shi ne mafi munin abin da za a ce masa a lokacin.

Ba ragwantaka ba ce, kuma ba iska ba ce. Sinadarin ba ya daɗewa a jini, 'yan mintoci ne, in dai ba ka ci gaba da tsorata kanka ba. Ka tsaya inda ƙafarka ta samu wuri, ka saki numfashi a hankali ya fi shaƙar tsawo, ka sauke diddige ƙasa, rawar za ta lafa. Idonka a kan inda za ka taka na gaba, hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya kake motsawa, sauran ukun na riƙe.

Masu kawo misalin Alex Honnold, wanda ya hau dutsen El Capitan a Amurka ba igiya a 2017, wajen mita 900, sukan manta sai da ya yi ta maimaita hanyar da igiya har ya haddace ta. Sannan da damina dutse na santsi, kuma saukowa ta fi hawa wuya tunda ba ka ganin wurin taka ƙafa sosai, in an yi ruwa da asuba gara a ɗage zuwa wani satin.