Lincoln (sunan wurare, makarantu da mutane)

Lincoln suna ne da birane, gundumomi, jami'o'i da mutane da dama ke amsawa a Birtaniya, Amurka da New Zealand. Da an ambace shi, hankalin yawancin mutane kan tafi ga Abraham Lincoln, shugaban Amurka na 16, alhali sunan ya girme shi da ƙarnoni masu yawa, kuma wurare da dama da ke ɗauke da shi ba su haɗa komai da shi ba.

Asalin sunan

Tushensa birnin Lincoln ne da ke gabashin Ingila. Romawa sun kafa sansanin soja a wurin a ƙarni na farko miladiyya, daga baya ya zama mazaunin sojojin da suka yi ritaya, ana ce masa Lindum Colonia. Bayan Sarki William ya ci Ingila da yaƙi, ya gina katafaren gidan tsaro a birnin a 1068, aka kuma soma ginin babbar majami'arsa a 1072. A cikin gidan tsaron ake ajiye ɗaya daga cikin kwafi huɗu da suka rage na takardar Magna Carta ta 1215, yarjejeniyar da ta taƙaita ikon sarkin Ingila. Daga birnin ne wasu iyalai suka samo sunan zuriya. Samuel Lincoln, wanda Abraham ya fito daga tsatsonsa, ya bar garin Hingham na Norfolk zuwa Massachusetts a 1637.

Mutane biyu da ake rikitawa

An haifi Abraham Lincoln a Kentucky a 1809, ya hau mulki a 1861, ya jagoranci ƙasar a lokacin yaƙin basasa, aka harbe shi a Afrilun 1865. Kafin shi akwai Janar Benjamin Lincoln, kwamanda a yaƙin neman 'yancin Amurka, wanda ya karɓi takobin miƙa wuya na sojojin Birtaniya a Yorktown a 1781. Gundumar Lincoln ta North Carolina (1779), ta Kentucky (1780) da ta Georgia (1796) duk sunan janar ɗin suka ci. Ta Kentucky ce ta fi ruɗar mutane, tunda a jihar aka haifi shugaban, amma an raɗa mata suna kusan shekara talatin kafin a haife shi. Babban birnin jihar Nebraska kuwa, wanda da can ake kira Lancaster, don shugaban aka sauya masa suna a 1867.

Makarantu

Mafi tsufa ita ce Kwalejin Lincoln ta Jami'ar Oxford, wadda Richard Fleming, bishop na Lincoln, ya kafa a 1427. John Wesley, wanda ya assasa ɗariƙar Methodist, ya yi aiki a cikinta, kuma a nan Rishi Sunak, tsohon firaministan Birtaniya, ya yi karatu. Ba ɗaya take da Jami'ar Lincoln da ke cikin birnin kansa ba, wadda ta ɗauki wannan suna a 2001.

A Amurka, Jami'ar Lincoln ta Pennsylvania ta soma ne a 1854 da sunan Ashmun Institute domin ilimantar da baƙar fata, aka sauya mata suna a 1866 don tunawa da Abraham Lincoln. Ta cancanci a san ta sosai, domin Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah duk ɗalibanta ne, haka ma Thurgood Marshall, baƙar fata na farko a kotun ƙolin ƙasar. Takwararta ta Jefferson City a Missouri sojoji baƙar fata da suka yi yaƙin basasa ne suka tara kuɗin kafa ta a 1866. Akwai wata ƙarama a Oakland ta California. Kwalejin Lincoln ta Illinois, wadda aka kafa a 1865, ta rufe a 2022 bayan annobar korona da wani harin masu kutse a kwamfutocinta.

Jami'ar Lincoln ta New Zealand, kusa da Christchurch, ta fara ne a matsayin makarantar koyon aikin gona a 1878. Sunan garin da take ciki ta ɗauka, shi kuma garin ya ci sunan wani basaraken Ingila mai sarautar Earl na Lincoln.

Yadda ake bambancewa

Hanya mafi sauƙi ita ce duba shekarar da aka raɗa sunan. Abin da ya samu sunan kafin 1860, kusan ko da yaushe birnin Ingila ne ko Janar Benjamin. Fitaccen abin da ya kauce wa wannan ƙa'ida shi ne garin Lincoln na Illinois, wanda aka sa wa sunan Abraham a 1853, yana lauya, bai ko zama shugaba ba. A duba shekarar sauya suna kuma, kada a tsaya ga shekarar kafuwa, in ba haka ba jami'ar Pennsylvania za ta faɗa rukunin da ba nata ba.

Masu neman gurbin karatu su ne suka fi shan wahalar wannan kamanceceniya, domin takardar sakamako ko kuɗin rajista kan iya tafiya makarantar da ba ita aka nufa ba. Maganinsa a rubuta jiha ko ƙasa tare da sunan, sannan a tantance adireshin intanet: lincoln.edu na Pennsylvania ne, lincolnu.edu na Missouri, lincoln.ac.uk na birnin Ingila, lincoln.ac.nz kuma na New Zealand. Harafi ɗaya kacal ya raba biyun farko.