Waiwaye: yadda almakashi da tsohuwar tukunya suka yaɗa cutar HLVd a gonakin wiwi masu lasisi

A wajejen 2014 manoman tabar wiwi na jihar Kalifoniya ta Amurka suka fara kokawa da wata matsala da ba su san kanta ba. Shuka za ta fito daga uwa mai kyau, a ba ta taki da ruwa da haske daidai da 'yan'uwanta, amma ta tsumbure. Rassanta su baje gefe maimakon su miƙe sama, kara ya yi gautsi har ya riƙa karyewa da ɗan taɓi, ganye ya ƙanƙance, fure ya fito saƙo-saƙo ba danƙo ba ƙanshi. A Turancinsu sun sa wa abin suna "dudding", ma'ana shukar ta zama holoƙo. Wasu sun ɗora laifin a kan taki, wasu suka ce iri ne ya gaji saboda yawan yanka reshe daga reshe shekara da shekaru. Sai a 2019 aka gano ainihin mai laifin, wata ƙwayar cuta da ake kira HLVd, kuma a lokacin ne ta bayyana cewa hannun manomin da kayan aikinsa ne suka fi kowa yawo da shi.

Bayanin nan ya shafi ƙasashen da doka ta ba da lasisin noman wiwi don magani ko masana'anta, irin su Kanada da wasu jihohin Amurka. A Najeriya da Nijar noman wiwi laifi ne. Sai dai irin wannan cuta ba a wiwi ta fara ba, kuma mai lambun lemo ko tumatir ko dankalin Turawa zai ga abin da ya shafe shi a ciki.

Tun 1922 aka bayyana wata cutar dankalin Turawa a jihar New Jersey, wadda ke sa dankalin ya yi tsawo ya tsuke kamar mazari. Kusan shekara hamsin ana ɗauka bairos ne, ana nemansa ba a gani. A 1971 Theodor Diener, masanin cututtukan tsirrai a cibiyar binciken noma ta gwamnatin Amurka da ke Beltsville, ya nuna cewa abin da ke jawo cutar ya fi kowane bairos ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Zare ne guda na sinadarin gado da ake kira RNA, ya naɗe kamar zobe, ba shi da rigar furotin irin wadda bairos ke sawa, ba ya kuma ƙera komai da kansa. Shiga yake yi cikin ƙwayar halittar shuka ya sa ta riƙa kwafarsa. Diener ya raɗa masa suna bairoyid. Wannan rashin riga shi ne tushen duk wahalar da za ta biyo baya, domin yawancin magungunan tsaftace kaya rigar ƙwayar cuta suke kai wa hari.

Masu gonakin lemo sun riga kowa fahimtar hanyar yaɗuwarsa, tun ma kafin a san sunansa. A ƙarshen shekarun 1960 bincike a Fulorida da Kalifoniya ya nuna cewa cutar da ke sa ɓawon bishiyar lemo ya tsage ya ɓare, wadda ita ma wani bairoyid ke jawo ta, tana bin wuƙar auren bishiya da almakashin sassabe daga bishiya zuwa bishiya. An gwada tsoma wuƙar a sifirit, an gwada ratsa ta cikin harshen wuta na ɗan lokaci, cutar ta ci gaba da wucewa. Ruwan bilic na wanki ne ya tsayar da ita. Tun daga lokacin tsoma wuƙa a bilic ya zama ƙa'ida a wuraren rainon dashen lemo.

Bairoyid ɗin da ke addabar wiwi kuwa a Jamus aka tantance shi a 1988, a jikin shukar hop, wadda ake sa furenta a giya don ɗaci. Tawagar Heinz Sänger ce ta bayyana shi: haruffan gado 256 kacal gare shi. An sa masa sunan da ke nufin mai laɓewa, a taƙaice HLVd, saboda yawancin nau'o'in hop na ɗauke da shi ba tare da wata alama a ido ba, illa raguwar sinadarin ɗacin da ake noman shukar dominsa. Danginsa na kusa shi ne bairoyid ɗin cutar da ake kira "cadang-cadang", wanda ya kashe miliyoyin bishiyoyin kwakwa a ƙasar Filifin. Hop da wiwi kuma 'yan gida ɗaya ne a tsarin tsirrai, don haka tsallakawar ba abin mamaki ba ce.

Abin da ya sa cutar ta samu gindin zama a wiwi shi ne yadda ake yaɗa shukar. Manoman furen wiwi ba sa son shuka ƙwayar iri, saboda kowace ƙwaya da halinta. Sukan ajiye uwar shuka guda su riƙa yankar rassanta suna dasawa, kamar yadda ake yi da karan rogo. Uwa ɗaya takan ba da ɗaruruwan 'ya'ya, kuma in tana da cutar, kusan duk sun gada. Ga shi shekaru masu yawa haramci ya raba manoman da jami'o'i da malaman gona. Babu hukumar da ke tantance dashe, reshe na wucewa daga hannu zuwa hannu a kan amana. Darasin da masu lemo suka koya tun shekarun 1960 bai iso gare su ba. Abin da suka saba da shi shi ne goge almakashi da sifirit, domin yana narkar da danƙon da ke manne wa ƙarfe. Da Kalifoniya ta buɗe kasuwar halal a Janairun 2018, Kanada ta bi a Oktoban shekarar, gonaki suka faɗaɗa, dashe ya riƙa tafiya dubbai-dubbai, cutar na biye.

A 2019 rahotanni biyu suka fito a mujallar kimiyyar cututtukan tsirrai, ɗaya daga Jeremy Warren da abokan aikinsa na gidan rainon dashe na Dark Heart da ke Oakland, suna tabbatar da cewa HLVd ne ke tsumbure shukar. A 2021 kamfanin ya ce bayan gwajin samfura kimanin 200,000, ya samu cutar a kusan kashi 90 cikin 100 na gonakin Kalifoniya da ya duba, ya kuma ƙiyasta asarar dala biliyan 4 a shekara ga manoman Amurka. Alƙaluman kamfani ne da ke sayar da dashe da gwaji a lokacin, ya kamata a riƙe su da wannan sanin. Amma binciken Zamir Punja na Jami'ar Simon Fraser a Kanada ya nuna hoto mai kama da haka: cikin samfura sama da 15,000 da aka tattara tsakanin 2020 da 2023, kusan ɗaya cikin huɗu na ɗauke da cutar.

Aikin Punja ne ya karkato da hankali daga almakashi kaɗai zuwa tukunya da ruwa. Ya nuna cewa bairoyid ɗin ya fi taruwa a saiwa, kuma a can ake fara ganinsa, kimanin mako biyu bayan kamuwa, kafin ya bayyana a ganye bayan wasu makonni. Yana wucewa idan saiwoyi suka haɗu, yana kuma bin ruwan takin da ke zagayawa tsakanin shuke-shuke. Ya rayu kusan mako guda a cikin ruwan ganyen da aka murje, ya kai kimanin mako huɗu a busasshen ganye a ɗaki. To a duba tukunyar roba da aka cire shuka daga ciki: siraran saiwoyi kamar gashi sun manne a bango, wasu sun cusa kai a ramukan fitar ruwa na ƙasa, wasu sun shige cikin karce-karcen robar. Kwana goma bayan haka aka zuba sabuwar ƙasa aka dasa ɗan reshe mai ɗanyen rauni a gindi. Ba a bukatar ƙwaro ko iska, an riga an haɗa su.

Dalilin da sifirit ke kasawa a fili yake ga duk wanda ya yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Sifirit na kashe ƙwayar cuta ta hanyar lalata furotin da narkar da kitsen rigarta. Bairoyid ba shi da ko ɗaya. Hasali ma da irin wannan sinadarin masana ke tattara RNA su adana shi. Almakashin da aka goge da sifirit yana ƙyalli, amma cutar na nan a kansa. Zafi ma ba abin dogaro ba ne, domin zaren ya naɗe kansa da ƙarfi: a gwajin Kanada, samfurin da aka gasa a maki 70 zuwa 90 a ma'aunin Salshiyos na tsawon minti 30 bai rabu da alamar bairoyid ɗin ba. Bilic kuwa tsinka zaren yake yi gunduwa-gunduwa.

Bilic ɗin wanki na gida, irin wanda ake kira Jik ko Hypo a kasuwanninmu, ƙarfinsa ya bambanta, don haka a fara karanta jikin kwalba. Wanda aka yi gwaje-gwajen da shi a Amurka da Kanada yana da sinadarin kulorin kashi 5 zuwa 8 cikin 100. Ana haɗa mudu ɗaya nasa da mudu tara na ruwa, abin da ke ba da kashi 0.5 zuwa 0.8. Idan na kwalbar kashi 3.5 ne, mudu ɗaya da huɗu na ruwa ne zai kai wannan ƙarfin. Wanda ya ɗauki lissafin ɗaya da tara ya yi amfani da shi a kan bilic mai rauni, ruwan banza yake tsoma kayansa a ciki. A haɗa sabo kowace safiya, a ajiye a inuwa cikin mazubi mai murfi, domin rana da zafi na cinye kulorin. Da zarar ruwan ya yi duhu da tarkace, a zubar a sake. Kada a taɓa gauraya shi da sifirit ko asid ko ammoniya, iskar da ke tashi guba ce. A sa safar hannu da tabarau, a yi aikin inda iska ke shiga.

Wanki ne ke gaba da bilic, kuma a nan aka fi yin kuskure. Ƙasa da saiwa da danƙo suna shanye kulorin kafin ya kai ga abin da ake son kashewa, kuma saiwar da ke da kauri bilic ba ya ratsa cikinta. Tukunya sai an kakkaɓe ta, an goge da burushi mai tauri da sabulu, an tsokale ramukan ƙasa ɗaya bayan ɗaya, an ɗauraye. Sannan a nutsa ta gaba ɗaya cikin ruwan bilic na aƙalla minti goma, rabin awa ya fi kwanciyar hankali. Kada a jera tukwane cikin juna a cikin baho, ruwan ba zai shiga tsakaninsu ba. A ɗauraye da ruwa mai tsabta, domin ragowar kulorin na ƙona sabuwar saiwa, a shanya a kan tebur nesa da inda datti ke taruwa. Tukunyar da ta tsage ko ta karce sosai a yar da ita. Tukunyar yadi, wadda saiwa ke saƙa kanta a cikin zaren, ba ta da wani wanki da za a amince da shi idan ta taɓa ɗaukar shuka mai cutar. Haka zaren kwakwa da sauran abin da ake shuka a ciki: ba a maimaita su. Kuɗin tukunya bai kai kuɗin ɗakin fure guda da ya lalace ba.

Almakashi kuma tsakanin kowace shuka ake tsaftace shi, ba tsakanin layi da layi ba. Ma'aikaci ya riƙe biyu ko uku: yana aiki da ɗaya, sauran na jiƙe a kofin bilic na minti ɗaya ko fiye. Sifirit na da amfani a nan, amma don cire danƙo kawai, a bari ya bushe kafin tsomawa. A buɗe bakin almakashin a cikin ruwan don ya shiga mahaɗar, inda ruwan shuka ke maƙalewa. Bilic na sa ƙarfe tsatsa, don haka a ƙarshen yini a ɗauraye, a busar, a ɗiga mai. Wajen yankar reshe daga uwa, reza sabuwa ga kowace uwa ita ce mafi sauƙi. Safar hannu ma a canja ko a tsoma, musamman lokacin tsinke ganye da hannu, wanda ke barin ruwan shuka a yatsu. Akwai kuma abubuwan da ake mantawa: sandar bututun ɗigo da ake zarewa daga wannan tukunya a soka a waccan, kofin da ake tara yankakkun rassa a ruwa ɗaya, kwalbar maganin fitar da saiwa da kowane reshe ke shiga, faranti da teburin da ruwa ke malala a kai ya koma tanki. Maganin saiwa a zuba kaɗan a wani mazubi, a zubar da ragowar.

Duk wannan tsafta ba ta warkar da shukar da ta riga ta kamu. Babu feshin da ke cire bairoyid. Ana tumɓuke shukar da ƙasarta, a ɗaure a leda tun a wurin, a fitar, ba a kai ta ramin takin gargajiya. Idan nau'in mai daraja ne, akan yanki ɗan ƙaramin kan tsiro da bai kai rabin milimita ba a raine shi a kwalba, amma ba kowane ke fita da tsabta ba, sai an gwada an sake gwadawa. Ƙwayar iri ma ba mafaka ba ce, an tabbatar cutar na bin ta.

Gwajin da ake dogaro da shi shi ne RT-PCR, wanda ke neman zaren RNA na bairoyid ɗin a ɗakin gwaje-gwaje, kuma samfurin saiwa ya fi na ganye nuna gaskiya, saboda cutar ba ta bazuwa daidai a jikin shuka. Ganye ɗaya na iya fita lafiya alhali uwar na ɗauke da ita. Shi ya sa gonakin da suka shawo kan matsalar ke keɓe duk sabon dashe na kimanin wata guda, da tukwanensa da almakashinsa da ruwansa daban, a gwada shi lokacin shigowa, a sake bayan mako uku, kafin ya shiga ɗakin iyaye. Su ma iyayen ana gwada su duk bayan 'yan makonni, ana kuma rubuta wace uwa ce ta haifi wane faranti, ta yadda ranar da sakamako ya nuna cuta za a san tukwanen da za a fara fitarwa.