Waiwaye: Yadda makarantun lauya a Amurka suka shiga shari'ar baƙar fata da baƙin haure

A farkon shekarun 1930 Jami'ar Maryland ba ta ɗaukar baƙar fata a tsangayar koyon aikin lauya. Shi ya sa Thurgood Marshall, ɗan birnin Baltimore inda tsangayar take, ya riƙa bin jirgin ƙasa kullum zuwa Jami'ar Howard da ke Washington. A can ya faɗa hannun Charles Hamilton Houston, wanda ya karɓi ragamar tsangayar Howard a 1929, ya mayar da ita daga makarantar dare zuwa ta cikakken lokaci. Marshall ya gama a 1933, shi ne na ɗaya a ajinsu. Bayan shekara biyu shi da malamin nasa suka maka Jami'ar Maryland a kotu a madadin Donald Murray, wani baƙar fata da jami'ar ta ƙi ɗauka, kuma a 1936 babbar kotun jihar ta tabbatar da cewa dole a ɗauke shi.

Ba da ka Houston ya fara da makarantun lauya ba. Tun hukuncin Plessy na 1896 doka ta yarda a raba farare da baƙaƙe, muddin abin da aka tanadar wa kowa daidai ne. Gina wa baƙaƙe firamare ta jeka-na-yi-ka abu ne mai araha, amma tsangayar lauya mai ɗakin karatu da gogaggun malamai tana cin kuɗi. Sannan alƙalai sun san irin waɗannan makarantu ciki da waje, ba a yi musu rufa-rufa a kansu. A 1938 Kotun Ƙoli ta ce wa jihar Missouri biya wa ɗalibi kuɗin karatu a wata jihar bai wadatar ba. A 1950 ta ƙi amincewa da 'yan ɗakunan da Texas ta yi gaggawar buɗewa don Heman Sweatt, baƙar fatan da ya nemi shiga tsangayar lauya ta jami'ar jihar. Kafin lauyoyin su tsaya gaban Kotun Ƙoli, a Howard ake yin gwaji, malamai su zauna a kujerar alƙalai suna yi musu ruwan tambayoyi. Houston ya rasu a 1950, saura shekara huɗu a yanke hukuncin Brown da ya rushe wariya a makarantun gwamnati.

Mataki na biyu shi ne abin da suke kira kilinik, sunan da aka aro daga likitoci: kamar yadda ɗalibin likita ke koyo a gefen gadon majinyaci, haka ɗalibin lauya zai koya da shari'ar mutum na gaske. Jami'ar Duke ta buɗe irin wannan a 1931, amma bai yaɗu ba sai da Gidauniyar Ford ta zuba kuɗi daga 1968. A 1969 ƙungiyar lauyoyin Amurka ta fitar da samfurin ƙa'idar da ke ba ɗalibi damar tsayawa gaban alƙali a ƙarƙashin kulawar lauya mai lasisi, jihohi kuma suka bi, kowace da nata sharuɗɗa.

Inda tsarin ya fi amfani shi ne kotun shige da fice, saboda wani giɓi a doka. Wanda ake tuhuma da laifin da zai kai shi kurkuku, idan ba shi da hali, gwamnati ce ke ba shi lauya. Amma korar mutum daga ƙasa ba a ɗaukar ta shari'ar laifi, don haka kowa tasa ta fisshe shi, ko da yaro ne. Binciken Ingrid Eagly da Steven Shafer a kan shari'o'i fiye da miliyan ɗaya tsakanin 2007 da 2012 ya nuna kashi 37 cikin ɗari ne kawai ke da lauya, a cikin waɗanda ke tsare kuwa kashi 14.

Aikin kansa ba na gaggawa ba ne. Yawanci ɗalibai biyu ke riƙe fayil ɗaya. Abu na farko da suke dubawa shi ne ranar da mutum ya shigo ƙasar, domin dokar 1996 ta ce a shigar da takardar neman mafaka, fom I-589, cikin shekara ɗaya, sai da ƙwaƙƙwaran uzuri. Na biyu, dalili. Wahala kaɗai ba ta ba da mafaka. Dole tsangwamar ta kasance saboda launin fata ko ƙabila, addini, ƙasar asali, ra'ayin siyasa, ko kasancewa cikin wani rukunin jama'a na musamman. Daga nan sai zaman hira, sau da yawa, tare da tafinta, har a fitar da rubutacciyar shaidar rantsuwa. A haɗa ta da rahoton likita a kan tabo, rahotannin halin da ƙasar ke ciki, da wasiƙun shaidu. Duk takardar da ba ta Ingilishi ba sai an fassara ta, mai fassarar kuma ya sa hannu cewa ya ƙware a harsunan biyu.

Mafi yawan faɗuwa daga saɓani take fitowa. Tun dokar REAL ID ta 2005 alƙali na iya ƙin gaskata mutum saboda saɓanin da bai ma shafi gundarin maganarsa ba. Wanda ya saba lissafin lokaci da damina ko azumi, idan aka matsa masa ya faɗi wata da rana, sai ya yi cinta, gobe kuma ya faɗi wata daban. Ƙwararren malami kan hana ɗalibai rubuta kwanan watan da mai neman mafakar bai tabbatar ba. Sai kuma adireshi: wanda ya tashi daga gida dole ya sanar da kotu cikin kwana biyar, in ba haka ba sammaci ya tafi tsohon gida, a yanke masa hukuncin kora a bayan idonsa.

Wasu fayilolin sun sauya doka. Fauziya Kassindja ta gudo daga Togo tana da shekara 17 saboda auren dole da kaciyar mata, ta sauka filin jirgin saman Newark a Amurka a Disambar 1994, aka tsare ta. Wata ɗaliba, Layli Miller Bashir, ce ta tsaya mata a zaman farko, alƙali ya ce bai gaskata ta ba. Kilinik ɗin American University a ƙarƙashin Karen Musalo ya ɗaukaka ƙara, a Yunin 1996 aka ba ta mafaka, hukuncin ya zama abin kafa hujja. Ɗaliban Jami'ar Yale da Farfesa Harold Koh kuwa rabi da rabi suka samu a 1993: wani alƙalin tarayya ya sa a saki 'yan Haiti masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau da aka killace a Guantanamo, amma Kotun Ƙoli, da alƙalai takwas a kan ɗaya, ta halatta wa gwamnati mayar da 'yan Haiti masu tahowa a kwale-kwale daga tsakiyar teku. Wasu ɗaliban Yale ne kuma suka taimaka wajen rubuta ƙarar da ta sa wata alƙaliya a Brooklyn dakatar da korar matafiya ranar 28 ga Janairun 2017, kwana ɗaya bayan dokar hana shiga ta Trump. Wannan doka daga baya ta taɓa Chadi a 2017 da Najeriya a 2020.

Kada dai a zuzuta abin fiye da kima. Kilinik ɗaya fayiloli kaɗan yake iya ɗauka, zangon karatu wata huɗu ne, shari'ar mafaka kuwa kan kai shekaru, don haka mutum ɗaya na iya maimaita labarin azabarsa ga rukunin ɗalibai uku ko huɗu. Ga shi kuma izinin ɗalibi na tsayawa a kotu aro ne. Lokacin da ɗaliban Jami'ar Tulane suka taimaki mazauna garin Convent a Louisiana, galibinsu baƙar fata, wajen ƙalubalantar gina masana'antar roba ta Shintech, ƙungiyoyin 'yan kasuwa sun kai kuka, kuma a 1998 Kotun Ƙolin jihar ta tsaurara ƙa'idar waɗanda ɗalibai ke iya wakilta.

Ƙofar shiga makarantun ma ta sake komawa kotu. A 2003, a shari'ar tsangayar lauya ta Jami'ar Michigan, Kotun Ƙoli ta yarda a duba launin fata a matsayin ɗaya daga cikin abubuwan lura wajen ɗaukar ɗalibai. A Yunin 2023, a shari'ar Harvard da Jami'ar North Carolina, ta ce hakan ya saɓa wa doka.