Shugabanci da Zaman Lafiya a Jihar Bauchi

Jihar Bauchi tana arewa maso gabashin Nijeriya. Tana da ƙananan hukumomi 20, kuma ƙidayar 2006 ta nuna mutanenta sun haura miliyan 4.6. Ƙasa ce ta ƙabilu masu yawa: Hausawa, Fulani, Gerawa, Jarawa, Sayawa, Warjawa, Fa'awa, Butawa, Bolawa, Karekare, Barebari da sauransu, Musulmi da Kirista. Mulki a jihar hawa uku ne da suka haɗu a kan talaka ɗaya, wato sarautar gargajiya, ƙaramar hukuma, da gwamnatin jiha. Wanda ya bi tarihin tarzoma da zaman lafiya a wannan ƙasa zai ga yawan ƙabilu bai taɓa zama dalilin rikici shi kaɗai ba. Kusan kowace fitina mai daɗewa ta samo asali ne daga koke biyu: wa ke da ikon mulkar wa, kuma me talaka ke samu a madadin abin da ake karɓa daga hannunsa.

Kafuwar masarautu

Malam Yakubu ɗan Dadi, Bageri ne, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma shi kaɗai ne ba Bafulatani ba a cikin manyan masu tutar jihadi. Ya kafa birnin Bauchi a 1809, ya kewaye shi da ganuwa, wadda har yau sunayen ƙofofinta suke bakin mutane, irin su Wunti, Ran, Nasarawa, Jahun da Inkil. Ya yi mulki har 1845. Ƙarfin sojansa ya kai ga shi ne ya tare rundunar Shehu Laminu na Barno wajen 1827 lokacin da ta doshi Kano. Amma ba takobi kaɗai ya riƙe ƙasar ba. Akwai al'ummomin da ba su musulunta ba da aka bar su da sarakunansu bisa amana, suna biyan abin da aka yanka musu, ana kare su. Inda aka riƙe amanar an zauna lafiya, inda aka mayar da garuruwan kan duwatsu wurin kamun bayi kuwa, gaba ta gadu daga kaka zuwa jika.

A arewa Malam Zaki ya kafa masarautar Katagum, wadda fadarta ta koma Azare a zamanin Turawa. Misau da Jama'are su ma masarautu ne na wannan zamani.

Ningi ta zo ta wata hanya daban, kuma labarinta shi ne misali mafi tsufa a jihar na yadda haraji ke haifar da tawaye. A tsakiyar shekarun 1840 wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza suka bar ƙasar Kano saboda sun ƙi biyan kuɗin ƙasa da aka ɗora musu. Suka fake a duwatsun Ningi, suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da Fa'awa, waɗanda dama suna da nasu ƙorafin a kan masarautun da ke kewaye da su. Daga wannan haɗin aka sami daular da ta hana Bauchi da Kano da Zazzau barci fiye da shekara 50, a zamanin shugabanni irin su Ɗan Maje da Ɗan Yaya. Sarkin Bauchi Ibrahim, magajin Yakubu, ya sha fama da su, har ya koma Rauta da zama. Bayansa rikicin gadon sarauta tsakanin Usmanu da Halilu ya ƙara raunana masarautar, ta yadda da Turawa suka iso a 1902 ba su gamu da turjiya mai ƙarfi a birnin ba. Suka tuɓe Sarki Umaru, suka naɗa wani.

Zamanin En'e

Turawan Ingila sun yi mulki ta hannun sarakuna. Hukumar En'e ita ke riƙe da baitulmali, kotunan alƙalai, 'yan doka da gidan yari. Umarni yana gangarowa daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, haraji da jangali kuma suna hawa ta wannan tsani. Bayan kaka, malamin haraji zai zauna a ƙofar gidan dagaci da littafinsa, a kira magidanta ɗaya bayan ɗaya, wanda ya biya a ba shi takardar shaida ya adana ta kamar ransa, domin ɗan doka na iya tambayarsa ita a hanyar kasuwa. Makiyayi kuwa shanunsa ake ƙirgawa, shi ya sa da an ji masu ƙirga sun doso wasu kan kora rabin garke cikin daji. Tsarin ya kawo tsaro a hanyoyi, kuma gwamnati ta san kowane gida. Aibinsa shi ne talaka ba shi da inda zai kai ƙarar wanda ya zalunce shi, tun da mai karɓar harajin da mai shari'ar da mai ɗaurin duk 'yan gida ɗaya ne. A kudancin lardin kuma an ɗora hakimai daga birni a kan al'ummomin da ba su ɗauki kansu talakawan sarkin Bauchi ba.

Ba mamaki da sukar wannan tsari ta fara fitowa fili a Bauchi. A farkon shekarun 1940 Malam Sa'adu Zungur, da Malam Aminu Kano wanda yake koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, suna cikin waɗanda suka riƙa zaman muhawara a garin kan al'amuran mulki, zaman da ake lissafa shi cikin tushen siyasar jam'iyyu a Arewa. A 1950 Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙuduri a Majalisar Arewa da ke Kaduna yana neman a yi wa En'e garambawul. Bayan 'yan shekaru aka soke matsayin sarki mai yanke hukunci shi kaɗai, aka ɗaure shi da shawarar majalisarsa. Mutanen uku sun rabu a siyasa daga baya. Zungur da Aminu Kano suka bi hanyar tsage gaskiya komai ɗacinta, Tafawa Ɓalewa ya zaɓi gyara daga ciki, ya zama Firayim Minista a 1957, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Kabarinsa yana cikin birnin Bauchi.

Daga lardi zuwa jiha

A 1967 Bauchi ta shiga Jihar Arewa maso Gabas mai hedikwata a Maiduguri. Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta ƙirƙiri Jihar Bauchi a watan Fabrairun 1976, a shekarar kuma aka yi gyaran ƙananan hukumomi da ya ƙarasa raba sarakuna da ikon zartarwa, bayan an riga an karɓe musu kotuna da 'yan doka da gidajen yari. Alhaji Abubakar Tatari Ali na NPN shi ne gwamnan farar hula na farko, daga 1979 zuwa 1983. A 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke Gombe ta zama jiha.

Sarakuna sun rasa iko a takarda, amma aikin yau da kullum bai bar ƙofarsu ba. Idan shanu suka shiga gonar gero a Darazo ko Ganjuwa, yawanci dagaci ake fara kira da arɗon Fulani, a taka gonar tare, a ƙiyasta ɓarna, a yanka diyya, kafin maganar ta kai ofishin 'yan sanda. Haka rigakafin shan inna bai karɓu a ƙauyuka ba sai da hakimai da masu unguwanni suka shiga gaba.

Rikicin Tafawa Ɓalewa

Babu batun da ya gwada shugabannin jihar kamar wannan. Sayawa, waɗanda suke kiran kansu Zaar, mafi yawansu Kiristoci ne, suna zaune a ƙananan hukumomin Tafawa Ɓalewa da Bogoro, kuma tun zamanin Turawa suke neman a ba su masarautarsu su fita daga ƙarƙashin sarkin Bauchi. Hausawa da Fulani da Jarawa Musulmi na yankin su kuma suna cewa garin Tafawa Ɓalewa nasu ne tun asali, ba za a mayar da shi fadar wata ƙabila ba.

A watan Afrilun 1991 wata taƙaddama kan nama a kasuwar garin ta rikiɗe ta zama faɗan ƙabilanci da addini, wutar ta tsallaka har cikin birnin Bauchi, aka rasa rayuka masu yawa. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Babalakin, wanda ya ba da shawarar a ƙirƙirar wa Sayawa masarauta. Ba a aiwatar ba. Aka sake gwabzawa a 1995 kan naɗin kwamishina, a 2001 lokacin da jihar ta fara aiki da shari'ar Musulunci, sannan a farkon 2011. Duk wanda ya duba abubuwan da ke tayar da faɗan zai ga ba su taka kara sun karya ba. Tsohon miki ne da ba a yi wa magani ba, ko ƙuda ya sauka a kai sai ya yi jini.

Abin da ya hana ruwa gudu shi ne inda fadar za ta zauna. Gwamnatin Malam Isa Yuguda ta yi dokar masarautar amma ba a garin Tafawa Ɓalewa ba, Sayawa suka ƙi. Majalisar jiha ta ɗauke hedikwatar ƙaramar hukumar zuwa Bununu, wannan ma ya zama sabon abin ƙorafi. Sai a 2025 gwamnatin Bala Muhammad ta sa hannu a dokar da ta ƙirƙiri masarautar Zaar tare da sababbin masarautu 13, a kan shida da ake da su, wato Bauchi, Katagum, Misau, Ningi, Jama'are da Dass. Tsakanin shawarar kwamitin Babalakin da wannan doka an shafe fiye da shekara 30, kuma a tsakanin ne garin ya rabu, iyalai da yawa suka bar gidajensu ba su koma ba.

Jamhuriya ta huɗu

Masu zaɓe a Bauchi sun yi suna wajen kayar da mai mulki. Ahmadu Adamu Mu'azu na PDP ya yi shekara takwas daga 1999, amma a 2007 jam'iyyarsa ta faɗi a hannun Isa Yuguda na ANPP, shi kansa Mu'azu ya sha kaye a takarar sanata a hannun Bala Muhammad. Yuguda ya koma PDP a 2009. Mataimakinsa Garba Gadi ya ƙi bin sa, majalisa ta tsige shi, kotu ta mayar da shi a 2010. A 2015 guguwar APC ta kawo Muhammad Abdullahi Abubakar, Yuguda ma ya nemi sanata bai samu ba. A 2019, bayan zaɓen da sai da aka je zagaye na cike giɓi, Bala Muhammad, Ƙauran Bauchi, ya kayar da gwamna mai ci, ya kuma sake cin zaɓe a 2023. A watan Yunin 2019 majalisar jihar mai kujeru 31 ta wayi gari da kakaki biyu, kowanne da ɓangarensa, sai da aka yi sulhu.

Wannan ɗabi'a ta canza gwamnati da ƙuri'a ta rage wa jihar zafi, domin fushin jama'a yana samun mafita a akwatin zaɓe. Sai dai tana da nata tabon. 'Yan siyasa sun yi amfani da matasa marasa aiki a yaƙin neman zaɓe, daga nan 'yan sara-suka suka yi ƙarfi a unguwannin birni, kuma ba sa ajiye adda don an gama zaɓe. Tarzomar bayan zaɓen shugaban ƙasa ta 2011 ta ci rayukan 'yan hidimar ƙasa a jihar. Akwai kuma ƙorafin shiyya: tun 1999 duk gwamnonin daga Bauchi ta Kudu suka fito, abin da ke ƙara wa masu neman Jihar Katagum hujja.

Rikicin Boko Haram na 2009 a Bauchi ya fara, da harin ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi ranar 26 ga Yuli, a watan Satumban 2010 kuma aka fasa gidan yarin birnin aka saki fursunoni fiye da 700. Duk da haka ƙungiyar ba ta taɓa riƙe wani yanki na jihar ba kamar yadda ta yi a Barno da Yobe da Adamawa, Bauchi ma ta zama masaukin 'yan gudun hijira. Barazanar da ta biyo baya ita ce ta 'yan bindiga masu satar mutane a dazuzzukan Alkaleri da Toro da Ningi, inda 'yan banga da mafarauta ke taimaka wa jami'an tsaro.

Walwalar jama'a

A nan ne tazarar ta fi fitowa. Jihar tana da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da asibitin koyarwarta, da jami'ar jiha a Gaɗau wadda yanzu ke ɗauke da sunan Sa'adu Zungur, da babban asibitin gwamnatin tarayya a Azare. Amma tana cikin jihohin da suka fi yawan yaran da ba sa zuwa makaranta, mace-macen mata wajen haihuwa ma yana da yawa a karkara. Mafi yawan kuɗin da gwamnati ke kashewa daga rabon arzikin tarayya yake zuwa, kuma albashi da fansho ke cinye kaso mai tsoka. Gwamnatin da ba aljihun talaka ke ciyar da ita ba, ba ta cika jin nauyinsa ba, shi ma bai cika tambayar inda kuɗi suka shiga ba.

Makarantar firamare da ƙaramin asibiti da rijiyar burtsatse aikin ƙaramar hukuma ne, ita kuwa ta daɗe ba ta da ta cewa. Kuɗinta yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma an yi shekaru da yawa kantomomin da gwamna ya naɗa ne ke riƙe da ita kafin zaɓen 2020, wanda jam'iyya mai mulki ta lashe kujeru 20 duka. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomin Nijeriya kuɗinsu kai tsaye, kuma kada a ba shugabannin da ba zaɓaɓɓu ba.

Manyan ayyuka ma suna nuna illar rashin ɗorewar manufa daga gwamnati zuwa gwamnati. Madatsar ruwa ta Kafin Zaki an fara maganarta tun shekarun 1970, har yau ba a kammala ba, ga kuma adawar jihohin da ke ƙasan kogin, masu tsoron ruwan fadamunsu zai ragu. Gandun dajin Yankari ya zama na tarayya a 1991, ya dawo hannun jiha a 2006. A watan Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da haƙar man fetur a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe ta ɓangaren Alkaleri, tun kafin a fara cin moriyarsa kuma aka soma jayayya tsakanin al'ummomin jihohin biyu kan ƙasar wa rijiyoyin suke.