Waiwaye: Tun yaushe aka fara tausaya wa mugu a manga?

Tun da aka saki kashin ƙarshe na Attack on Titan, katun ɗin da aka ɗauko daga manga (littafin labari mai zane na Japan), a watan Nuwamban 2023, gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Eren Yeager, yaron da labarin ya buɗe da shi yana kallon ƙaton dodo na cinye mahaifiyarsa, shi ne ya ƙare da tattake kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya. Wasu sun ce marubucin, Hajime Isayama, ya wanke mai kisan kiyashi, wasu sun ce ai tura ce ta kai bango. Asalin ce-ce-ku-cen ma tun Afrilun 2021 ne, da babi na 139 ya fito aka ga Armin, aminin Eren, yana yi masa godiya. Masu suka kan yi magana kamar wani sabon yayi ne ya shigo, alhali abin ya girmi yawancin masu gardamar.

Mu da muka tashi da tatsuniya, ba mu taɓa tambayar abin da ya sa Dodo ke cin mutane ba. Dodo ne, shi ke nan. Manga kuwa ta daɗe da barin wannan hanya. A 1964 marubucin manga Osamu Tezuka, wanda ya ga ruwan bama-bamai a Osaka yana saurayi, ya kawo Pluto cikin Astro Boy, mutum-mutumin da aka ƙera don kisa amma zuciyarsa ba ta kan aikin. Daga baya aka yi mugaye irin su Vegeta na Dragon Ball, Itachi na Naruto da Light Yagami na Death Note. Waɗannan duk mai bin manga ya san su.

Wanda ake yawan tsallakewa shi ne Devilman na Go Nagai, da ya fito a mujallar Weekly Shōnen Magazine daga 1972 zuwa 1973. Wani abin da ya rufe shi shi ne katun ɗinsa na talabijin da aka yi a lokaci guda, wanda labarin jarumi ne mai dukan dodanni duk mako. Na takarda kuwa wani abu ne daban.

A duba yanayin da aka rubuta shi. Ana tsaka da yaƙin Biyetnam. A Fabrairun 1972 mutanen Japan sun kwashe kwanaki suna kallon kawanyar da 'yan sanda suka yi wa 'yan wata ƙungiyar juyin juya hali a masaukin Asama Sanso kai tsaye a talabijin, sannan aka gano cewa 'yan ƙungiyar, matasa masu da'awar gyaran duniya, sun riga sun kashe 'yan uwansu fiye da goma a tsauni. Wata huɗu bayan haka Devilman ya fara fita.

Akira Fudo yaro ne mai sanyin hali, amininsa Ryo Asuka ya ja shi ya haɗe da aljani Amon don ya kare mutane. Tun a tsakiyar labarin Nagai ya fara rikita mai karatu: aljana Sirene ta zo kashe Akira, amma abin da ke zama a rai shi ne aljani Kaim, wanda ya ba da ransa dominta, da yadda ta mutu a tsaye tana zaton ta yi nasara. Sai kuma aka shelanta a talabijin cewa aljanu sun saje da mutane. Nan fa maƙwabci ya fara zargin maƙwabci. Gungun mutanen unguwa, ba aljani ko ɗaya a cikinsu, suka afka gidan su Miki Makimura, yarinyar da Akira ke so, suka kashe ta da ƙanenta, suka tsire kanta a sanda suna murna. A mujallar samari fa aka buga wannan. Can a ƙarshe aka gane Ryo ne Shaiɗan, kuma duk ɓarnar da ya yi, son Akira na cikin zuciyarsa. Ryo na zaune yana yi wa Akira magana, bai lura ba cewa rabin gawa ce a gefensa.

A ganina nan ne aka sauya akala. Nagai bai nemi a yafe wa Ryo ba. Taron jama'a ya tuhuma, irin wanda tsoro ke mayarwa mahauta kuma kowa a ciki yana jin shi ne mai gaskiya. Marubutan da suka tashi cikin tokar 1945 sun san wannan taron da fuskarsa. Abin da ke ba ni haushi da wasu na baya shi ne sun ɗauki ɓawon sun bar ƙwayar: babban mugun labarin na gab da mutuwa sai a hasko yarintarsa cikin shafi uku, a ce mu yi kuka.

Isayama bai yi wannan arahar ba. Ya tsallaka teku da mu zuwa Marley, ƙasar abokan gaban su Eren, ya zaunar da mu tare da mayaƙanta Reiner da Gabi har muka ji tsoron da ya sa suke kiran su Eren shaiɗanu. Wanda ya kalli Devilman Crybaby, katun ɗin labarin Nagai da Netflix ta saki a Janairun 2018, idan ya zo ƙarshen Attack on Titan inda Mikasa, mai ƙaunar Eren, ke rungume da yankakken kansa, zai tuna Akira da kan Miki a hannunsa.