Kwayil ɗin Mota

Kwayil na'ura ce a injin mota mai amfani da fetur wadda take karɓar wutar batir mai ƙarfin volt 12, ta ɗaga ta zuwa volt 20,000 ko fiye, domin filogi ya fitar da tartsatsin da zai kunna cakuɗen fetur da iska a cikin silinda. Injin dizal ba shi da kwayil, saboda zafin iskar da fistin ya matse ne yake kunna mansa.

Yadda yake aiki

A cikin kwayil akwai naɗi biyu na wayar jan ƙarfe da aka kewaya a jikin sandar baƙin ƙarfe. Naɗin farko waya ce mai kauri mai zagaye ɗaruruwa kaɗan, na biyun kuwa waya ce siririya kamar gashi mai zagaye dubbai. Idan wutar batir ta bi naɗin farko, ƙarfin maganaɗisu yakan taru a jikin sandar, da zarar an katse wutar sai ƙarfin ya zube nan take, kuma wannan zubewar ce take haifar da wuta mai ƙarfi a naɗi na biyu. Ke nan tartsatsin yana zuwa ne a daidai lokacin da aka katse wuta, shi ya sa yawancin sauye-sauyen da aka yi wa tsarin sun shafi abin da yake katse ta ne.

Tarihi

Tushen na'urar yana komawa ga gwaje-gwajen Michael Faraday a Ingila a 1831, inda ya nuna cewa sauyin ƙarfin maganaɗisu yana haifar da wutar lantarki a cikin waya. Akasari ana danganta kwayil na farko da Nicholas Callan, wani limamin coci mai koyarwa a Maynooth ta ƙasar Ayalan, a wajajen 1836, ko da yake wasu suna gabatar da Charles Grafton Page na Amurka. Sunan da ya fi tambari shi ne na Heinrich Ruhmkorff, Bajamushe mazaunin Paris, wanda ya kyautata ƙirar a wajajen 1851, har aka daɗe ana kiran na'urar da sunansa. Da irin wannan kwayil ne Étienne Lenoir ya kunna injinsa mai aiki da gas a 1860.

Motocin farko da yawa sun dogara ne da magneto, wanda yake samar da wutarsa da kansa ba tare da batir ba, musamman bayan kamfanin Robert Bosch ya fito da mai ƙarfin wuta a 1902. Ford Model T, da aka fara sayarwa a 1908, ta bi wata hanya dabam: kwayil huɗu ne da ita a cikin ƙananan akwatunan katako, kowace silinda da nata, kowanne kuma da ɗan harshen ƙarfe mai karkarwa da yake katse wutar.

Tsarin da ya mamaye duniya shi ne na Charles Kettering na kamfanin Delco a Dayton, jihar Ohio, wanda ya fara bayyana a motocin Cadillac a wajajen 1910. Kwayil guda ne, da kwantak mai buɗewa da rufewa, da kwandansa mai hana bakin kwantak ɗin ƙonewa, da distiributa mai raba wuta ga filogi ɗaya bayan ɗaya. Sai da tsarin ya yi shekara sittin kafin kamfanoni irin su Chrysler su fara maye gurbin kwantak da na'urar lantarki a farkon shekarun 1970. Irin tsarin Kettering ne a cikin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga tsakiyar shekarun 1970, kuma a kansa ne tsofaffin makanikai da dama na Arewa suka koyi aikin wuta. Kwayil ɗin wancan zamani gwangwani ne cike da mai don sanyaya naɗin.

Daga shekarun 1980 aka fara barin distiributa, daga shekarun 1990 kuma ya zama ruwan dare kowane filogi ya kasance da kwayil ɗinsa a kansa, kwamfutar mota tana ba shi umarni.

Alamun lalacewa da musabbabinta

Kwayil da ya fara gazawa yakan sa inji ya riƙa karkarwa a tsaye, ya rasa ƙarfi a hawa, ya sha mai fiye da ƙa'ida, wani lokaci da warin ɗanyen fetur a salansa. A mota mai kwayil guda inji yakan mutu gaba ɗaya, sau da yawa bayan ya yi zafi, ya sake tashi idan ya huce. Zafi da jijjiga suna cinye rufin wayoyin, amma sau da yawa akwai wani abu dabam da yake jawo mutuwar kwayil. Filogin da bakinsa ya buɗe saboda tsufa yana tilasta masa fitar da wuta fiye da ƙima, haka nan baƙin mai da yake yoyo daga gasket ɗin murfin inji zuwa ramin filogi, ko ruwan wankin inji, suna lalata robar da take bakinsa.

Ganowa da sauyawa

Motocin da suke da OBD-II, wato tsarin da kwamfutar mota take gano matsalar inji da shi, wanda ya zama tilas a Amurka daga 1996, suna ajiye lambar matsala: P0300 tana nufin rashin kamawar wuta a silinda fiye da ɗaya, P0301 silinda ta farko, P0302 ta biyu, P0351 kuma layin kwayil na farko. Lambar tana nuna wurin matsalar ne kawai, don haka makanike yakan musanya kwayil ɗin da ake zargi da na wata silinda. Idan matsalar ta bi shi, laifinsa ya tabbata, idan kuma ta tsaya inda take, sai a duba filogi ko injekta mai fesa fetur ko ƙarfin matsin silindar. Ana kuma auna naɗin da mita a gwada da adadin da kamfani ya ƙayyade, sai dai awon bai cika kama kwayil da yake gazawa da zafi kaɗai ba.

Sauyawar kanta ba ta da wuya a yawancin injuna: a kashe mota, a cire kan batir na nagatif, a zare soket, a kwance ƙusa ɗaya ko biyu, a zaro kwayil ɗin, a share ramin, a duba filogi kafin a sa sabo. Jinkirta gyaran yana tura ɗanyen fetur cikin matatar hayaƙi ta salansa, wadda ta fi kwayil tsada nesa ba kusa ba. Game da sauya dukkan kwayil a lokaci guda ko wanda ya lalace kaɗai, ra'ayin makanikai ya rabu.