Waiwaye: me ya sa masoya seri ke fushi in an mayar da shi fim?

Shayi na biyu ke kan gawayi a fadarmu ta Bukoki lokacin da gardamar ta tashi. Ƙanen wani abokina, ɗan jami'a, ya biya dala ashirin wajen masu tura fina-finai aka saka masa Star Trek: Section 31 a waya. Ya kalla da dare, ya zo yana yabo: akwai faɗa, akwai gudu, ga Michelle Yeoh tana kirɓar maza cikin ado. Yayansa, wanda ya shafe shekaru yana bin Star Trek kashi bayan kashi, ya aje kofi ya ce, "Kai yaro, abin da ka kalla ba Star Trek ba ne, suna kawai aka liƙa masa." Yaron ya ce, "To yaya, ni fim na biya wa kuɗi, ba darasin tarihi ba."

Fim ɗin ya fito ranar 24 ga Janairun 2025 a manhajar Paramount+, kuma reshe ne na seri mai suna Star Trek: Discovery. Masu sharhi da tsofaffin masoya sun yi masa ca a intanet, wasu har suna cewa ba a taɓa yin mafi muni ba a gidan Star Trek. Amma wannan musu ya girmi ƴan'uwan nan biyu, ya girme ni ma.

A 1966 tashar NBC ta Amurka ta soma nuna Star Trek, ƙagaggen labarin kimiyya da Gene Roddenberry ya ƙirƙiro: kumbon Enterprise na yawo tsakanin taurari, Kyaftin Kirk na jan ragama, ga Spock mai kunnuwa masu tsini, ga Uhura, baƙar mace da ke riƙe da sadarwar kumbon a zamanin da ba a saba ganin haka a telen Amurka ba. Masu kallo ba su kai yawan da tashar ke so ba. Da aka ji ƙishin-ƙishin za a rufe shirin, wasu mata da miji, Bjo da John Trimble, suka haɗa kan masoya aka yi ta aika wa tashar wasiƙu dubbai. A 1968 NBC ta ba da kai, ta yi zango na uku, sannan ta rufe shi a 1969 yana da kashi 79.

A ganina saiwar rigimar tana nan. Mutumin da ya sayi tambarin gidan waya da kuɗinsa ya ceto shiri daga mutuwa ba zai sake ɗaukar kansa ɗan kallo ba. Gani yake yana da gado a ciki. Shekarun da suka biyo baya kuwa sun ƙara masa wannan ji. Ƙananan tashoshi suka yi ta maimaita tsofaffin kashin, masoya suka ƙaru, aka yi babban taronsu a birnin New York a Janairun 1972. A 1976 suka sake ɗaukar alƙalami, wannan karon zuwa fadar shugaban ƙasa Gerald Ford, har aka raɗa wa kumbon gwaji na hukumar NASA suna Enterprise. Wanda ya sa gwamnati ta canja sunan kumbo, kamfanin fim ne zai ce masa ya yi shiru?

A 1977 kamfanin Paramount na shirin dawo da seri ɗin a tele da sunan Phase II, sai ya ga yadda fim ɗin Star Wars ke kwasar kuɗi a sinima. Aka jingine seri, aka ɗauki labarin da aka tanada don kashi na farko aka ja shi ya zama fim na sinima. Shi ne Star Trek: The Motion Picture, wanda Robert Wise ya ba da umarni, ya fito a Disambar 1979 bayan ya lashe sama da dala miliyan 40 (dalar Amurka fa, ba tamu ta Katako ba). Masoya sun yi shekara goma suna jira, suka cika ɗakunan kallo, da yawa suka fito jiki a sanyaye. Akwai wurin da kyamara ke kewaya kumbon na mintoci babu mai cewa uffan. Rigunan jaruman masu launi an mayar da su fari-fari kamar kayan barci. Barkwancin da ke tsakanin Kirk da Spock da likita McCoy, wanda shi ne gishirin seri ɗin, ya yi ƙaranci. Har laƙabi suka yi masa, wai hoto mai motsi da ba ya motsi. Ya samu kuɗi, amma bai samu zuciya ba.

Abin da ya faru a 1982 ya fi ban sha'awa. Aka rage kasafi sosai, aka ture Roddenberry gefe ya koma mai ba da shawara, aka ba Nicholas Meyer aikin fim na biyu, The Wrath of Khan. Tun kafin a gama labari ya fasu cewa Spock zai mutu. Wasiƙun da a da ke roƙo suka koma na zagi da barazana. Masu fim ba su fasa kashe shi ba, sai dai sun bar ƙofa: a ƙarshe an nuna akwatin gawarsa ya sauka lafiya a wata sabuwar duniya, kuma a fim na 1984 aka dawo da shi da rai. Yau in ka tambayi tsofaffin masoya wanne ne ya fi, mafi yawansu wannan na 1982 za su ambata, wato wanda iyayensu suka tsine wa tun bai fito ba. Shi ya sa ba na saurin ɗaukar ihun makon farko a matsayin hukunci.

Kirk shi ma an kashe shi a 1994 a fim ɗin Generations. Da farko harbinsa aka yi ta baya. Ƴan kallon gwaji suka ƙi, aka koma aka sake ɗauka, gada ta rufto da shi. Har yau akwai masu cewa gara harbin. Wani seri kuma, The X-Files, ya yi nasa fim ɗin a 1998, tsakanin zango na biyar da na shida, inda mabiyansa suka ce ba a ba su amsar da suka zo nema ba, sababbi kuma wasu suka fito ba su gama gane wa ke bin wa ba. Taura biyu ba ta taunuwa, amma abin da ake nema daga irin wannan fim ke nan: ya gamsar da wanda ya san sunan kowane ma'aikacin kumbo, ya kuma riƙe wanda ya shigo don ya ga fastar ta yi kyau. Kamfani kuwa ya san na biyun sun fi yawa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Firefly, don ni a bai-bai na same shi. Wajen shekara goma sha biyar da suka wuce na sayi wani faifan CD a Katako, irin mai fina-finai da yawa a cunkushe, muryoyin duka na Faransanci. A ciki akwai Serenity. Na kalle shi a matsayin fim ɗin kumbo kamar kowane. Dab da ƙarshe wani mashi ya huda gilashi ya soke matuƙin kumbon, Wash, yana tsakiyar magana. Na ce "ayya", na ci gaba da cin gyaɗata. Sai bayan shekaru na gano ashe akwai seri a bayansa, wato Firefly ɗin. Joss Whedon ne ya yi shi a 2002, tashar Fox ta nuna kashin ba bisa tsari ba, har kashi na farko sai a ƙarshe aka saka shi, ta kuma rufe shirin bayan nuna 11 cikin 14 da aka ɗauka. Masoyan, masu kiran kansu Browncoats, suka yi ta aika katuna, suka haɗa kuɗi suka sayi talla a mujallar Variety, suka sayi faifan DVD har kamfanin Universal ya ga akwai kasuwa ya yi fim ɗin a 2005. Da na kalli kashi goma sha huɗun nan, na san Wash da ƴan kayan wasansa da matarsa Zoe, na koma na sake kunna fim ɗin. Wurin mashin nan sai da na dakatar na fita waje. Fim ɗaya, mutum ɗaya, amma kamar mutum biyu suka kalla. A nan na fahimci abin da ya sa wasu daga cikin waɗanda suka yi fafutukar a yi fim ɗin suka ji kamar an yi musu sakayya da mari. Kuɗin da ya samu a sinima ma da ƙyar ya taɓo wajen dala miliyan 39 da aka kashe, ba a kuma yi na biyu ba.

Zuwan intanet bai canja ƙorafin ba, ƙara masa sauri da amo ya yi. A 2013, a taron masoya na Las Vegas, aka jera fina-finan Star Trek aka sa Into Darkness na J.J. Abrams a can ƙasa, alhali a lokacin yana cikin waɗanda suka fi kawo kuɗi.

To shi Section 31 me ya yi? Sunan ya fara bayyana ne a 1998 cikin seri ɗin Deep Space Nine: wata ƙungiyar asiri mai aikata ƙazantar da Tarayyar duniyoyi, wato gwamnatin su jaruman, ke cewa ta fi ƙarfin yi. A can abin kunya ce, jarumai na ƙyamarta. Star Trek an gina shi ne kan mafarkin cewa ɗan'adam zai girma ya bar zalunci, ya riƙa warware rikici da magana. Sai ga fim ya ɗauki wannan ƙungiya ya mayar da ita gungun gwanaye masu ban dariya, tauraruwarsa kuma Michelle Yeoh a matsayin Philippa Georgiou, tsohuwar sarauniyar da ta hallaka jama'a ba adadi. Wannan shi ne abin da yayan nan na fadarmu ke nufi, kuma ina ganin yana da gaskiya. Akwai kuma matsalar ɗinki. Tun 2019 aka sanar da shi a matsayin seri. Aka yi ta jan ƙafa, Michelle Yeoh ta ci kyautar Oscar a 2023, lokacinta ya yi tsada, a watan Afrilun shekarar aka ce fim za a yi. Darakta Olatunde Osunsanmi ya samu kansa da tarin sababbin fuskoki da ya kamata a saba da su a hankali, ga shi awa ɗaya da rabi da ƴan mintoci kawai gare shi. A 1979 an ja labarin kashi ɗaya har ya tsinke. A 2025 an dunƙule na zango guda har ya shaƙe.

Mu nan Yamai matsayinmu a wannan rigima daban ne. Yawancinmu ta ƙofar baya muke shigowa: fim kafin seri, zango na uku kafin na ɗaya, gwargwadon abin da mai turawa ke da shi a kwamfutarsa. Ba ma cikin lissafin masu biyan abonma da kamfani ke dubawa kafin ya yanke shawara, wasiƙarmu ba ta taɓa ceto wani shiri ba. Amma son abin da aka gani a allo har ya zama kamar naka ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A shekarar da Star Trek ya fara, 1966, Moustapha Alassane, wanda daga baya ya zauna Tawa, ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin samarin ƙauye da suka sa kayan kaboyi suka ɗauki sunayensu har abin ya fi ƙarfin wasa. Wanda kuma ya ga yadda aka yi ta cacar baki a Facebook lokacin da aka sauya mai fitowa a matsayin Sumayya a Labarina ya san mu ma muna da namu Browncoats ɗin.

Kafin shayi na uku ya nuna, yayan ya karɓi wayar ƙanensa ya tura masa kashin farko na Deep Space Nine, ya ce in ya kai zango na shida su sake magana. Yaron ya tambaya duka kashi nawa ne. Aka ce masa 176. Ya dubi wayar, ya ce memorinsa ba zai ɗauka ba sai ya goge Section 31, kuma shi bai shirya gogewa ba tukuna.